Wasiƙa zuwa ga Edita: Binciken ɗalibanmu na jami'a, a raka su gona kuma a maido mana da sakamako

Malam Edita assalamu alaikum, ina gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Dan Allah a ba ni ɗan fili cikin wagga jarida tamu in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato aikin binciken da ɗiyanmu na jami'a ke yi kafin su gama karatu, wanda suke cewa mamuwar, da kuma malaman da ake ɗora ma nauyin kula da su.

Duk wanda ke hawa Facebook ko yake cikin guruf na WhatsApp a nan Maraɗi ya san in lokacin sutanas ya zo, wato ranar da ɗalibi ke kare mamuwar ɗinsa gaban malamai, hotuna ba su ƙarewa, yaro ya sha babbar riga, yarinya ta sha lalle, ga uwaye ga abokai ga fulawa, a rubuta ya samu 16 ko 17 bisa 20 kowa yana Allah sanya albarka. Ni ma wallahi ina murna da ganin haka, don na san wahalar da uwaye ke sha kafin yaro ya kai wannan rana. Amma littafin nan da yake riƙe da shi a hoto, maganar da ke cikinsa daga bakin wasu mutane ta fito, manoma ne da makiyaya da mata masu tuyar ƙuli da anka je har ƙofar gidajensu anka tambaye su, kuma galibinsu har yau ba su san an gama aikin ba balle su ji abin da anka gano.

Ni malamin gona ne, na daɗe ina aiki cikin ƙauyukan Agye da Madarumfa, kuma mu ne ake turo ma ɗaliban nan mu kai su wurin mai gari mu gabatar da su, wani lokaci mu yi musu tafinta wani lokaci har wurin kwana mu ke nema musu. Daga makarantu daban-daban suke zuwa, na gwamnati da masu zaman kansu, na nan jihar da na wasu jihohi. Saboda haka abin da zan faɗa daga gona na gano shi.

Da farko ya kamata mu gode ma Allah. A da duk wanda ya ci bak yana son jami'a sai ya ɗauki jakarsa ya kama hanyar Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, don jami'ar Abdu Mumuni ce kaɗai ta gwamnati a faɗin ƙasar. A 2010 anka buɗe jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 anka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Tamu ta nan ana kiranta da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, tana da ɓangaren kimiyya da na noma da muhalli da na kiwon lafiya da kuma na fasaha. Tsarin karatun kuma shekara 3 ne a lisansi, 2 a mastar, sannan doktora, kuma a ƙarshen kowane mataki sai ɗalibi ya yi wani aiki na kansa ƙarƙashin wani malami. Ka lissafa ka gani, kowace shekara ɗaliban da ke fita neman bayani cikin garuruwanmu ba kaɗan ba ne, ga su matasa ga ƙarfi ga Hausa a bakinsu, wasunsu ma ɗiyan ƙauyukan nan ne. Wannan babbar dukiya ce in an san yadda za a yi da ita. Ga kuma INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, nan Tarna kusa da mu wadda ta daɗe tana aikin iri, har manomi da bai taɓa shiga lakwal ba ya san hatsin HKP da waken TN5-78.

Bari in ba da labarin wata yarinya da ba ni mantawa, don a wurinta na ga mi ake nufi da malami mai kula da ɗalibi. Aikinta kan murzuna ne, tsutsar nan da ke cin zangarniyar hatsi tana bin ta tana zagayawa har ka ga layi ya murɗe tun daga ƙasa zuwa sama ba ƙwaya ko ɗaya a kai. An ce ta ƙidaya zangarnun da tsutsa ta taɓa a gonaki da yawa. Da ta fara sai tana tsayawa bakin gona inda ya fi sauƙin kai hannu, kuma idonta yana kai ta ga zangarniyar da ta fi lalacewa, abin da kowa zai yi ke nan in ba a nuna masa ba. Malaminta da kansa ya zo, babban mutum mai furfura, ya bar mota bakin hanya saboda rairayi ya taka da ƙafa, ya naɗe wandonsa ya shiga cikin hatsi raɓa ta jiƙa shi sharkaf. Ya karɓi kayenta ya duba bai yi faɗa ba, ce mata ya yi ɗiyata in kika zaɓi wadda ta ba ki tausayi to tausayinki kika auna ba ɓarnar gona ba. Sai ya nuna mata ta ratsa gonar daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta riƙa ƙidaya taku, duk inda ƙidaya ta cika ta kama zangarniyar da ke gabanta ko mai kyau ce ko maras kyau ta rubuta. Ya sa ta sake duk gonakin da ta riga ta yi. Ta yi ƙwalla ranar, na gani da idona, amma ta sake. Da yamma kuma anka zauna ƙofar mai gari ya ce ita za ta yi ma mutane bayanin 'yan buhunnan da za a rataya, shi ya koma gefe ya yi shiru. Cikin buhunnan nan akwai ɗan hatsi da wasu tsutsotsi da wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai kamar zanzaro, in ya hayayyafa sai ya fita ta ƙofofin buhun ya bi gonaki, ya harbi murzuna ta sandare ya zuba ƙwansa a jikinta, 'ya'yansa su cinye ta. Dabara ce da masu binciken ƙasar nan sunka daɗe suna gwadawa a jihar Maraɗi kuma ba ta buƙatar fesa guba. Wani tsoho ya tambaye ta to in an girbe ina tsutsar ke tahiya, ta ɗan rikice ta dubi malamin, ya yi mata alama da kai ta ci gaba, ta ce ƙasa take shiga ta kwanta har wata damina sannan ta fito ta zama malam buɗe littafi ta sake zuba ƙwai. Tsohon ya ce shi ya sa gonar da ta ci bara ita take fara ci bana. Malamin ya ce mata rubuta wannan, maganar baba tana cikin aikinki.

Yarinyar nan ba kan murzuna kaɗai ta koyi abu ba, ta koyi yadda ake auna abu da gaskiya da yadda ake sauraren dattijo, kuma ba na jin akwai littafin da zai koya mata wannan ita kaɗai.

To amma Malam Edita irin wannan ba su ne sunka fi yawa ba cikin waɗanda nake gani. Abin da ya fi yawa shi ne yaro ya sauko daga kabu-kabu da takardun tambayoyi shafi bakwai ko takwas da Faransanci, ko kuma a cikin salula da manhajar tambayoyi ta KoboCollect, ka tambaye shi malaminka ya duba tambayoyin nan, ya ce ya ce in je in fara tukuna. Ka tambaye shi kun zauna kun maida su Hausa, ya ce a'a zan riƙa fassarawa nan take. Sai ka ji tambaya ɗaya ya yi ta iri uku ga mutum uku. Zai tambayi manomi hekta nawa gare ka, kilo nawa ka samu bana, alhali manominmu da dami yake lissafi, damin wani kuma ba ɗaya yake da na wani ba, na Agye daban na Dakwaro daban, in an sussuke kuma da tiya ake awo, ana cewa tiyar hatsi wajen kilo biyu da rabi ce amma duk mai zuwa kasuwa ya san akwai mai tozo akwai shafaffiya. Malamin kirki shi zai ce ma yaro ka tahi da sikeli ka auna dami goma a garin ka sussuka ka gani kafin ka rubuta ko da kilo ɗaya. In ba a faɗa masa ba sai ya ƙirƙiro lissafi daga kansa, ya zuba cikin Excel ya fito da zane mai kyau kala-kala, kuma ranar sutanas juri, wato malaman da ke ba da maki, ba su da hanyar sanin inda lambobin sunka fito.

Akwai kuma abin da ya shafi al'ada wanda ɗan birni ba lalle ya sani ba. Ba a tsaida magidanci gaban jama'a a ce awaki nawa gare ka, rumbunka wata nawa yake kai ka. Ba zai faɗi gaskiya ba, kuma ba don shi maƙaryaci ne ba, kunya ce da tsoron baki. Sannan tun yunwar 2005 da ƙungiyoyin agaji sunka cika jihar nan mutane sun saba duk wanda ya zo da takarda yana rubuta suna to taimako ne ke tafe, sai kowa ya rage abin da yake da shi ya ƙara yawan iyali. Dole tun farko a faɗa ƙarara cewa wannan ɗalibi ne, karatu yake, ba buhu ba kuɗi a bayansa. Maganar mata kuma sai mace, kuma ba da hantsi ba lokacin da suke daka ko suna rijiya. Na sha ganin yaro ya zo tsakiyar noman farko da safe yana neman mutum talatin, gari ba kowa sai tsofaffi da yara, rana ta yi masa zafi kuɗin komawa na ƙarewa, sai ya raɓe gindin bedi ya cika sauran takardun da kansa. In na yi masa magana ya ce baba yaya zan yi, an ce in kawo ɗari kuma jibi ne ƙarshe. Raina yana ɓaci amma ba na iya ɗora masa laifin duka, tamkar ka miƙa ma yaro hauya ne ka nuna masa gona daga nesa ka juya, in ya sare hatsi tare da haki wa za a tuhuma.

Kada a ce na zo cin mutuncin malamai, Allah ya kiyaye, akwai abokaina cikinsu kuma na san halin da suke ciki. Malami ɗaya ga aji cike, ga gyaran takardun jarrabawa, ga taro, ga ɗalibai masu mamuwar rututu a wuyansa, in ya ce kowane sai ya raka shi gona to ba zai koyar ba ke nan. Man da zai zuba a mota daga aljihunsa ne in ba wani furoje ya ɗauki nauyi ba. Labo wani lokaci na'urar na nan amma sinadarin da za a yi awon babu, ko kuran ya ɗauke samfur ya lalace cikin firji. Ga matsalar tsaro a wasu garuruwan bakin iyaka wajen Madarumfa da Gidan Rumji wadda ta sa akwai wuraren da ba wanda zai tura ɗiyan mutane yanzu, kuma daidai ne. Hukumar CAMES da ke Wagadugu wadda ke duba takardun malamai kafin su hau matsayi tana kallon maƙalolin da mutum ya buga da ɗaliban da ya kula da su, amma takarda ba ta nuna wanda ya shiga raɓa da wanda ya sa hannu kawai. Ƙasashen Afirka sun daɗe da yin alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikinsu don bincike, ya kamata mu ga alamar wannan alkawari a nan ƙasa, ko da kuɗin mai ne da na awon labo da za a ɗaura ma kowane aikin mastar.

Duk da haka akwai abin da ba kuɗi yake ci ba. Zama na awa ɗaya a karanta tambayoyi tare a maida su Hausa ba kuɗi yake ci ba. Ka ce ma yaro je ka gwada su kan mutum biyar ka dawo mu gyara ba kuɗi yake ci ba. Kiran waya ranar da ya sauka gari, ko ma ka kira mu malaman gona ka ce ga ɗalibina nan ga abin da nake so a lura da shi, wallahi da an riƙa yin wannan kaɗai da rabin ɓarnar ta ragu. Kuma in ɗalibai sun yi yawa mi zai hana a haɗa su huɗu ko biyar a yanki ɗaya, wannan yana kan ƙasa wannan kan ƙwari wannan kan kasuwa, malami ya zo sau ɗaya ya gan su duka, ɗalibin doktora ya riƙa duba na mastar. Na ga inda anka yi haka kuma ya yi kyau ƙwarai, har yaran suna gyara ma juna.

Wata damuwar ita ce lokaci. Damina ba ta jiran takardar izini. Hatsinmu cikin wata uku ya shuku ya nuna, in anka ba yaro taken aikinsa a watan Agusta kan shuka ko takin farko to mi zai gani, sai dai ya tambayi mutane abin da sunka tuna. Wanda zai yi aiki kan noman damina ya kamata tun Afrilu ko Mayu ya san gonarsa ya san mai gonar, ya samu irinsa a hannu.

Sai maganar kwafe, wadda kowa ya sani amma ba a son faɗa. Mamuwar ɗin bara tana yawo cikin kile na USB daga hannu zuwa hannu, a canja sunan gari a canja shekara a kai wurin bugu. Akwai masu rubuta ma mutum aikin dungum a biya su, yanzu kuma ga ChatGPT ya shigo, yaro ya kawo shafi ashirin da Faransanci mai santsi amma in ka ce ya faɗa maka da baki mi ya gani a gona sai ido ya raina fata. Na taɓa riƙe wani littafi da anka ce a garin da nake aiki anka yi shi, na ga ana maganar noman shinkafa a fadama, garin kuwa tudu ne jigawa ko tabki babu. Malamin da ya zauna ya karanta, ya kuma san yankin, shafi biyu sun ishe shi ya gane. Ina roƙon malamai su riƙa cewa a kawo kayen gona na asali wanda ya sha ƙura da hotuna da takardun da anka cika da hannu kafin a karɓi rubutu. A ɗaya gefen kuma in aikin yaro ya yi kyau har anka buga shi a mujalla to a sa sunansa, guminsa ne, haƙƙi ne kuma Allah zai tambaya. Ɗiyanmu mata su ma a riƙa ganawa da su a biro da rana ƙofa a buɗe, don uba ya saki jiki ya bar ɗiyarsa ta yi mastar.

Abin da ke ƙara ba ni takaici shi ne tambayoyin da ke neman amsa sun yi mana yawa a jihar nan, ba sai an je intanet an aro take daga wata ƙasa ba. Ga aya nan da ake nomawa wajen Cadawa da Agye da Gazawa ana lodin ta zuwa Najeriya, manoma suna cewa tana cinye ƙarfin ƙasa kuma haƙar ta na barin gona tsirara iska ta kwashe, wa zai auna mana wannan shekara bayan shekara ya ce ga abin da ya kamata a shuka bayanta. Ga jar akuyar Maraɗi da fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, ana ta gauraya ta da wasu iri. Ga zogalen Jiratawa da maganin ƙwarin da ake fesa masa, kwana nawa ya kamata a jira kafin a yanka a kai kasuwa, nawa ke saura a ganyen da muke kwaɗo da shi. Ga gyaɗa da ƙuli da guba mai suna afalatoksin da ke fitowa in gyaɗa ta yi fumfuna, wadda likitoci sunka tabbatar tana taɓa hanta. Ga ruwan sha, kowa ya tuna abin da ya faru a Tibiri inda ruwa mai yawan sinadarin fuliyo ya ɓata haƙoran yara ya lanƙwasa ƙafafunsu har maganar ta fito duniya a farkon shekarun 2000, alhali hukumar lafiya ta duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1,5 a lita, awo ne da ɗalibin kimiyya zai iya yi in malaminsa ya tsaya masa. Da kowace shekara ana tura 'yan ɗalibai su auna foraj da rijiyoyin komin ɗaya su miƙa ma magajin gari sakamako, da cikin 'yan shekaru mun san ruwan jihar nan kaf. Ga gulbin Maraɗi da ke cin gaɓa, ga tabkin Madarumfa da kifinsa, ga dajin Baban Rafi.

Kuma mun ga amfanin haɗa kan mai bincike da manomi a nan ƙasar tamu, ba labari ba ne. Sassaben zamani a nan Maraɗi ya fara wajen 1983 lokacin da Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara suna da rai a ƙasa, in an bar reshe biyu ko uku an gyara sai su zama itace. Manoma ne sunka ɗauki abin sunka yaɗa shi gona zuwa gona, garuruwa irin su Ɗan Saga sunka yi suna a kai, har masana sunka ƙiyasta wajen hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a Nijar, shi kuma anka ba shi babbar kyauta ta duniya a 2018. Buhun PICS mai ruɓi uku da muke zuba wake yanzu ba magani, ƙwaro ya mutu don rashin iska, daga binciken jami'ar Purdue ta Amurka ya fito tare da masu binciken INRAN tun 2007, kuma abin da ya sa ya karɓu shi ne an je kasuwanni da ƙauyuka an ɗaure buhu gaban jama'a an dawo bayan watanni an kwance gabansu kowa ya sa hannu ya ga waken.

Wannan dawowar ita ce babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mutanenmu sun gaji da anket, wato tambayoyin masu bincike. Wata tsohuwa ta taɓa ce mini malam kullum kuna kawo mana yara muna ba su ruwa muna ba su magana, ko sau ɗaya ba wanda ya dawo ya ce inna ga abin da na samu. Ban samu abin ce mata ba. Yanzu akwai garuruwan da in na kai ɗalibi sai na yi ta ban baki kafin a fito, kuma wanda zai zo gobe da niyya mai kyau shi zai sha wahalar. Ina ganin bai kamata a ce aiki ya kammala ba sai ɗalibi ya koma garin da ya yi bincike, malaminsa ko wakilinsa na tare da shi, an tara mutane ƙofar mai gari ya faɗa musu da Hausa ga abin da na tarar ga abin da ban gane ba, su kuma su ce nan ka yi daidai nan ba haka ba ne. In ma da hali a yi wannan kafin sutanas don gyaran manoma ya shiga littafin. Mai gari ya sa hannu a 'yar takarda a haɗa cikin dosiye, kamar yadda ake haɗa takardar istaj.

Sannan kowane littafi a sa masa shafi ɗaya na taƙaitawa da Hausa. Ai ana sa na Ingilishi ba wanda ya ce ya yi wuya. Kundin mulkin ƙasa da anka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne, to ga wuri mai sauƙi da za a fara nuna haka a aikace. Shafin nan ɗaya za a iya karanta shi a rediyon karkara, a ɗauki murya a tura guruf-guruf na manoma a WhatsApp, a ba meri, wato ofishin magajin gari, kwafi a ba majalisar manoma ta jiha kwafi, mu ma malaman gona mu samu abin riƙewa in za mu shiga gari. Inda Fulani ko Buzaye ne anka tambaya, wajen Bermo da Dakwaro, a nemi wanda zai faɗa musu da harshensu. Littattafan kuma a sa su a intanet inda kowa zai gani, don ɗalibin bana ya ɗora daga inda na bara ya tsaya, mai niyyar kwafe kuma ya san za a gane shi.

Ina kuma kira ga alhazan Maraɗi, Allah ya ba ku kuma kuna yi, masallatai da rijiyoyi da abincin azumi duk muna gani Allah ya saka. Mai sayen aya da wake yana lodi, mai kamfanin mai, mai sayar da taki, ku ne farkon masu cin amfanin binciken nan. Ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya na damina ɗaya, kuɗin mota da abinci da awon labo da man da malaminsa zai zo ya duba shi sau biyu, ba zai girgiza ku ba. Ku je ku samu shugabannin sassan ku ce ga matsalar da ke damun mu a sito ko a gona, a ba mu yaro da malami su duba mana, a rubuta yarjejeniya a fili.

Ku kuma ɗalibai ɗiyana, kada ku jira sai malami ya neme ku, ku riƙa bin sa da ladabi kuna nuna masa aiki kaɗan-kaɗan tun yana ɗanye, kada ku tara shafi sittin ku kai masa saura sati ɗaya. In kun zo gari ku fara da gaisuwa, ku ci abin da anka ba ku, abin da ba ku samu ba ku rubuta ba ku samu ba, mutum arba'in na gaskiya sun wadatar in an faɗi yadda anka zaɓe su.

Malaman da ke da niyyar turo yara yankunanmu damina mai zuwa, dan Allah ku sanar da ma'aikatan gona na komin tun kafin ruwa ya sauka, mu zauna ko ta waya ce mu duba tambayoyin tare mu zaɓi garuruwan da ba a gajiyar da su ba, mu kuma tsaida ranar da za a dawo a yi ma mutane bayani tun kafin a fara. Mu a shirye muke mu raka su.

Na gode Malam Edita da wannan fili, Allah ya ƙara ma jarida ɗaukaka. Wassalam.

Naku, wani malamin gona
Daga Maraɗi, Jamhuriyar Nijar